Yadda Harafi Ɗaya Ya Share Aikin Mako Uku

Daga Wakilinmu

Ran wata Laraba bayan lisha, wani ƙanena ya yi sallama a ƙofar gidana yana rungume da kwamfutarsa, fuskar nan tasa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Shi dai ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata, da maraice kuma yana zuwa ajin koyon rubuta manhaja. Ko zama bai yi ba ya ce mini, "Yaya, na shiga uku. Bayanan hutun ma'aikata da na yi mako uku ina bugawa sun ɓace, ga shi ran Litinin ake so in miƙa su."

Na duba da idona. Sunan fayil ɗin yana nan daram inda ya ajiye shi, amma cikinsa wayam, ko ɗigo babu. Ba ɓarawo ne ya shiga ba, na'urar kuma lafiyarta lau. Wata 'yar manhaja ce mai layi goma sha wani abu, wadda ya rubuta da hannunsa domin ta ƙidaya masa kwanakin hutun kowane ma'aikaci, ita ta yi wannan ɓarna.

Da yake ni aikin jarida na koya, sai na ja shi muka tafi wurin wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru masu yawa yana kula da ɗakin kwamfuta kafin ya ajiye aiki. Dare huɗu muka yi muna zuwa zaurensa. Abin da na ji, na kuma gani, a wannan zama shi ne na ga ya kamata in kawo wa masu karatu, musamman ɗalibai da ma'aikatan gwamnati, tun da yake fayilolin ofis sai ƙara komawa cikin kwamfuta suke yi, kuma yawancin masu kula da su sababbin hannu ne.

OFISHIN RAJISTA NA CIKIN NA'URA

Tambayar farko da Malam ya yi wa yaron ita ce, wa ya buɗe masa fayil ɗin? Yaron ya ce manhajarsa ce. Malam ya girgiza kai ya ce, "A'a ɗana, taka roƙo ta yi. Wata ce ta buɗe."

Bayanin kuwa shi ne, a cikin kowace kwamfuta akwai wata babbar manhaja wadda ke karɓar ragama da zarar an kunna na'urar. Ita ke riƙe da ma'ajiyar bayanai, da ƙwaƙwalwa, da allo, da madannai, da injin buga takardu, da hanyar intanet. Windows irinta ce, haka nan Linux da macOS, da kuma Android da ke cikin wayoyin hannu. Sauran manhajoji duka, tun daga ta rubuta wasiƙa har zuwa wadda ɗalibi ya rubuta jiya, ba su da ikon taɓa waɗannan kayayyaki da kansu, sai sun miƙa buƙatarsu ga babbar.

Duk ma'aikacin da ya taɓa neman fayil a ofishin rajista ya san wannan tsari. Ba ya kutsawa ɗakin ajiya ya zaro abin da yake so. Zai rubuta sunan fayil, akawun rajista ya duba ko akwai shi, ya duba ko mai nema yana da izinin ganinsa, ya shigar a littafi, sa'an nan ya miƙa. In kuwa abin bai yiwu ba, sai ya dawo da takardar tare da dalili. To, wannan dalili shi ne abin da masu koyo ke kira saƙon kuskure, suna kuma tsoronsa kamar takardar neman ba'asi.

Manyan buƙatun da ake miƙawa game da fayil guda huɗu ne: a buɗe, a karanta, a rubuta, a rufe. Wannan tsari ya samu gindin zama ne ta hanyar Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka a 1969. Ritchie ne kuma ya ƙirƙiro harshen C wajen 1972, aka sake rubuta Unix da shi a 1973. A 1988 aka fito da ƙa'idar POSIX domin daidaita waɗannan buƙatu tsakanin manhajoji masu kama da Unix, kuma a kan wannan turba Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fara Linux a 1991. A shekarar ce kuma Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar da harshen Python, wanda da shi ƙanena yake koyo. Watau ɗalibin da ya zauna yau ya rubuta kalmar open yana bin hanyar da aka share fiye da shekara 50 da suka wuce.

KOWANE DALILI DA LAMBARSA

A tsarin Unix, idan buƙatar buɗe fayil ta yi nasara, babbar manhaja takan ba mai roƙo wata lamba, kamar dai tikitin da ake ba mai ajiya. Lambobi uku na farko a kame suke tun asali: 0 ta shigar da bayani, 1 ta fitar da sakamako, 2 kuma ta fitar da saƙon kuskure. Idan buƙatar ta faskara, sai amsa ta zo -1, a kuma ajiye lambar dalili a wani gurbi mai suna errno.

Malam ya sa yaron ya rubuta biyar daga cikin lambobin dalilin a bayan littafinsa. Lamba 2 tana nufin babu fayil ko folda mai wannan suna a inda aka nuna. Lamba 13 tana nufin an hana izini. Lamba 17 tana nufin akwai wani fayil mai wannan suna tun da farko. Lamba 24 tana nufin manhajar ta buɗe fayiloli da yawa ba ta rufe ba, har ta cika iyakar da aka yanka mata, wadda a kwamfutocin Linux da dama 1024 ce. Lamba 28 kuwa tana nufin ma'ajiya ta cika.

Akwai bambanci tsakanin harsuna wajen isar da wannan labari. A harshen C, in mai rubutu bai duba amsar da aka dawo da ita ba, manhajar za ta ci gaba abinta kamar kome lafiya, sai can gaba abin ya fashe a wani wuri dabam. Python kuwa tsayawa take yi cak, ta zubo layuka a allo. A nan ne mai koyo yakan firgita ya rufe allon, alhali kuwa amsar da yake nema tana ciki. Ka'idar karanta waɗannan layuka ita ce a fara daga ƙasa. Layin ƙarshe shi ke faɗin irin kuskuren da lambarsa da sunan fayil ɗin da aka nema. Na samansa kuma su ke nuna lambar layin da abin ya faru a cikin rubutun mutum.

ABIN DA YA FARU DA ƘANENA

Da aka bi diddigi, ga yadda abin ya kasance. Ranar farko da ya gwada manhajarsa, sai ta tsaya da lamba 2, watau ba a ga fayil ba. Shi kuwa yana ganin fayil ɗin ƙiri-ƙiri a cikin foldar aikinsa, saboda haka ya ɗauka kwamfutar ce ta rikice. Abin da bai sani ba shi ne, idan aka ba da sunan fayil kawai ba tare da cikakken adireshinsa ba, babbar manhaja takan duba ne a foldar da ake tsaye a cikinta lokacin da aka tashi manhajar. Tasa manhajar daga wata folda ya tashe ta, fayil ɗin kuma yana wata. Tamkar mutum ne ya je rajistar Ma'aikatar Lafiya yana neman fayil ɗin da ke Ma'aikatar Ilimi.

Maimakon ya karanta saƙon, sai ya tambayi wani abokin ajinsa, shi kuma ya ce masa ya canja harafin r da ke cikin layin buɗewa ya sa w, wai shi ma haka ya yi kuskuren ya tafi. Lalle kuwa lamba 2 ta tafi, domin harafin w yakan ƙirƙiri sabon fayil in bai tarar da kowane ba. Amma wani saƙon ya fito yana cewa fayil ɗin ba na karantawa ba ne. Sai a lokacin yaron ya yi tunanin watakila matsalar wuri ce, ya ɗauki manhajar ya kai ta foldar da ainihin bayanan suke, ya tashe ta daga can, harafin w kuwa yana nan bai cire ba. Kafin ya ɗaga ido ya dubi allo, aikin gama ya gama.

Dalili kuwa, haruffan nan kowanne da umurnin da yake ɗauke da shi. Harafin r na karantawa ne kawai, ba ya taɓa abin da ke ciki. Harafin a na ƙari ne, yakan ɗora sabon rubutu a ƙarshen tsohon. Harafin x na ƙirƙirar sabon fayil ne, in kuwa ya tarar da mai sunan sai ya ƙi, ya dawo da lamba 17. Shi kuwa w, da zarar ya tarar da fayil, share abin da ke cikinsa yake yi nan take a lokacin buɗewa, tun kafin a rubuta ko harafi ɗaya. Abin da ya share kuma ba ya zuwa kwandon shara na kwamfuta balle a je a ɗauko. Babbar manhaja ba ta yi laifi ba. An ce ta share, mai faɗa kuma yana da izini, ta share.

Malam ya ce da yaron ya tsaya ya yi tambaya ɗaya tak a ranar farko, da duk wannan bai faru ba. A Python akwai wani kundin ayyuka mai suna os, wanda ta cikinsa ake magana da babbar manhaja. Aikin os.getcwd yakan faɗi foldar da ake tsaye a ciki, os.listdir kuma yakan jero sunayen duk abin da ke cikinta. Layi biyu ke nan, da sun nuna masa cewa ƙofar wani gida yake ƙwanƙwasawa.

SAURAN RAMUKAN DA KE KAN HANYA

A dare na biyu da na uku Malam ya bi da mu ta kan wasu kurakuran da ya ce kusan kowane mai koyo sai ya faɗa cikinsu. Na farko ya shafi suna. Windows takan ɓoye wutsiyar sunan fayil in ba a ce ta nuna ba, har mutum ya sa wa fayil suna hutu.txt alhali ainihin sunansa ya zama hutu.txt.txt, a yi ta nema ba a gani. Bugu da ƙari, Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami, watau Hutu dabam, hutu dabam, ita kuwa Windows a bisa al'ada ɗaya take ɗaukarsu. Saboda haka manhajar da ta yi aiki a kwamfutar gida tana iya tsayawa a ta makaranta.

Na biyu ya shafi karan nan mai jingina baya da Windows ke raba sassan adireshi da shi. A Python, wannan kara in ya haɗu da harafin n ma'anarsa sabon layi, in ya haɗu da t ma'anarsa tazara. Ke nan foldar da sunanta ya fara da ɗayan haruffan nan tana iya rikiɗewa a cikin adireshi ba tare da mai rubutu ya lura ba. Maganin abin shi ne a bar os.path.join ya haɗa adireshin da kansa, ko kuma a yi amfani da kara mai jingina gaba, wanda Windows ma tana karɓa.

Na uku shi ne lamba 13. A kan Windows, sau da yawa dalilinta bai wuce cewa fayil ɗin da ake son rubutawa yana buɗe a cikin Excel ba, da an rufe shi sai aiki ya tafi. Wani lokaci kuma manhajar ce ke ƙoƙarin rubutu a foldar da ba ta mai amfani ba ce. A nan Malam ya ja kunne ƙwarai game da masu cewa a tashi manhaja da ikon shugaban kwamfuta domin saƙon ya tafi. Ya ce wanda bai gama sanin abin da rubutunsa ke yi ba, in aka damƙa masa mabuɗin kowane ɗaki, ɓarnar da zai yi ba za ta tsaya a fayil ɗaya ba.

Haka nan ya yi tir da wata dabara da ɗalibai ke koya wa juna, ta lulluɓe rubutu duka da kalmomin try da except ba tare da an ce a yi kome ba in kuskure ya auku. An tanadi waɗannan kalmomi ne domin mutum ya tari kuskuren da ya san zai iya zuwa, ya kuma shirya masa amsa, alal misali ya gaya wa mai aiki cewa ba a ga fayil ba, ya sake duba sunan. Amma wanda ya yi amfani da su don toshe bakin kowane saƙo, daidai yake da masinjan da aka ba takardar dalili ya jefa ta a kwata, ya dawo ya ce an gama.

HARUFFANMU MASU LANƘWASA

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu masu rubutu da Hausa kai tsaye. Da ƙanena ya gyara manhajarsa, sai ta riƙa tafiya lafiya har ta iso kan sunan da ke da ɗ ko ƙ ko ɓ, nan take ta tsaya da saƙon da ke cewa ta kasa juya harafin. Dalili shi ne, kwamfuta lambobi take ajiyewa, kuma tsohon jadawalin haruffa da Windows ta gada domin harsunan Yammacin Turai bai tanadi gurbin haruffanmu masu lanƙwasa ba. Python kuwa ta daɗe tana ɗaukar wannan tsohon jadawali a kan Windows idan mai rubutu bai zaɓi wani ba.

Magani shi ne a ambaci UTF-8 a cikin layin buɗe fayil, wajen rubutawa da wajen karantawa duka. Wannan tsari yana ɗaukar haruffan Unicode baki ɗaya, har da namu na boko da na ajami. Abin sha'awa, Ken Thompson ɗin nan na Unix shi ne ya tsara shi tare da Rob Pike a 1992. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga ofisoshinmu, domin akawun da ya gaji da saƙon kuskure yakan cire lanƙwasar ne kawai ya huta, sai a wayi gari sunan mutum a takardar albashi ya saɓa da wanda ke takardar makarantarsa.

Sai kuma batun ɗauke wuta, wanda ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Idan manhaja ta ce a rubuta, ba lalle ne rubutun ya sauka a ma'ajiya a wannan lokacin ba, akan tara shi a ƙwaƙwalwa tukuna. Shi ya sa rufe fayil ya zama wajibi, kuma kalmar with a Python takan rufe shi da kanta ko da kuskure ya auku a tsakiyar aiki. Ga bayanai masu muhimmanci kuwa, shawarar Malam ita ce a rubuta sabon sakamako a wani fayil dabam, sai an tabbatar ya kammala sa'an nan a sa os.replace ya maye gurbin tsohon da shi.

BA MASU KOYO KAƊAI BA

Kada mai karatu ya zaci irin wannan tuntuɓe na yara ne kawai. Ran 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta ƙasashen Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta daga Kourou a Guyana ta Faransa. Bincike ya nuna cewa wata manhaja da aka gado daga Ariane 4 ce ta yi ƙoƙarin cusa wata babbar lamba a gurbin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767, ba a kuma tanadi abin da za a yi ba in hakan ta faru. Na'urar da aka ajiye domin ko-ta-kwana ita ma manhaja iri ɗaya take ɗauke da ita, ta faɗi a rami guda.

Ran 19 ga Yuli, 2024 kuma, wani gyara mai aibi da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft, aka soke tashin jirage, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Abin ya yi muni haka ne domin manhajar tana aiki ne a can cikin zuciyar babbar manhaja, inda kuskure ɗaya ke kayar da na'ura baki ɗaya. Manhajar ɗalibi kuwa a waje take tsaye tana miƙa roƙo, in ta faɗi ita kaɗai ta faɗi. Wannan katanga da ke hana shi shiga ita ce kuma ke kare shi.

IN ZA A NEMI TAIMAKO

Tambaya ba laifi ba ce, masu iya magana ma sun ce matambayi ba ya ɓata. Amma tambayar ma tana da ladabinta. Mai neman taimako ya kawo saƙon kuskuren dukansa kamar yadda ya fito, ya faɗi babbar manhajar da yake amfani da ita, ya nuna layukan da abin ya shafa, sa'an nan ya faɗi abin da ya so ya faru da abin da ya faru. Mai ba da taimako kuma, ko malami ne ko abokin aji, kada ya ce a canja kaza ba tare da ya faɗi abin da kazan ke yi ba. Haka nan duk rubutun da aka kwafo daga intanet, ko aka karɓa daga manhajojin hira na zamani masu ba da amsa, a karanta shi layi-layi, a gwada shi a kan kwafin bayanai, kuma a canja abu ɗaya kawai a kowane gwaji domin a san wanda ya yi magani.

Game da ƙanena, Allah ya rufa asiri, an samu wani kwafi da ya taɓa juyawa a filashi kwana goma kafin aukuwar abin. Sauran kuwa sai da ya koma kan takardun neman hutu ya sake bugawa, ya ƙare Asabar da Lahadinsa a kan kujera, ya miƙa aikin ran Litinin ido jawur.

Ya kamata shugabannin sassa a ma'aikatunmu su sa doka cewa kada ƙaramin ma'aikaci ya gwada sabuwar manhaja a kan ainihin bayanan ofis, su kuma tabbatar ana ajiye kwafi a wuri na biyu a kai a kai. Makarantun da ke koyar da wannan fanni su ma ya dace su ware darasi musamman na karanta saƙon kuskure tun a makonnin farko, maimakon a bar ɗalibai suna koyonsa a bakin junansu. A daren ƙarshe da muka yi sallama da Malam, ya karɓi littafin yaron ya duba lambobin nan biyar, ya ƙara masa haruffa huɗu a ƙarƙashinsu, ya ja layi biyu a ƙasan w, ya miƙa masa abinsa.